Yadda zaka gina tanderun fiza na itace a bayan gida, da yadda ake gashi a ciki

Obin ɗin kicin da ƙyar yake wuce digiri 250 a ma'aunin Celsius, ita kuwa fiza irin ta Napoli a ƙasar Italiya a zafin digiri 430 zuwa 480 ake gasa ta, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 ta fito, shi yasa duk yadda ka iya kwaɓi idan a obin ka saka sai ta bushe kafin ta nuna. Maganin abin tanderu ne na yumɓu, kuma ba sabon abu bane, a kangon garin Pompeii na Italiya da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, har yau ana ganin irinsa. Zaka iya gina naka da hannunka.

Fara da wuri. Nesa da bishiya da duk abin da wuta zata iya kamawa, bakin kuma kar ya fuskanci inda iska take yawan kaɗowa. Kayi dandamali da bulo ko dutse, tsayinsa ya kai ƙugunka saboda kar ka riƙa duƙawa, faɗi kamar santimita 120 kowane gefe, ka cika cikinsa da ɓaraguzai ka daddanne sosai, don nauyin da zai hau kai ba na wasa bane.

Toh nan ne inda mafi yawan mutane suke yin ganganci. Kafin ka shimfiɗa ƙasan tanderun sai ka sa abin da zai tare zafi kar ya zurare ƙasa. Ka jera kwalaben gilashi marasa komai a kwance, ka bar ɗan tsakani, ka cike da dusar katako da aka kwaɓa da ruwan yumɓu. Iskar dake cikin kwalaben ita ke riƙe zafin. Wallahi idan ka tsallake wannan, dandamalin ne zai riƙa shanye wutar, saman fiza ya ƙone ƙasanta kuma ɗanye, kuma babu gyara sai dai rushewa. A kai ka zuba yashi ka baje daidai, sannan ka jera bulo mai jure wuta a manne da juna, ba siminti ba laka a tsakani, toka zata cike ƴan ramukan da kanta. Ka shafa da tafin hannu, duk wanda ya ɗago ka buga shi ya koma.

Sai ƙundun, wato rufin tanderun, wanda ake ginawa a kan tulin yashi daga baya a kwashe yashin. Ka zana da'ira mai faɗin santimita 70 a kan bulon, ka tara jiƙaƙƙen yashi a ciki ka mulmula shi kamar an kifa ƙwarya, tsayi santimita 40. Ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar jarida domin ranar da zaka kwashe yashin ka san inda zaka tsaya. Kwaɓin ginin kuwa yumɓu kashi ɗaya, yashi kashi biyu zuwa uku, ya danganta da danƙon yumɓun, a zuba a kan leda mai kauri a tattaka da ƙafa har ya haɗe. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka dunƙula ka sake shi daga daidai ƙirjinka, in ya tarwatse yashi yayi yawa, in ya baje ruwa ko yumɓu yayi yawa, in ya ɗan tsage kawai ya zauna toh yayi. Siminti na gini kar ma ka kawo shi kusa, baya jure irin wannan wutar, farfashewa yake.

Ka riƙa ɗorawa daga ƙasa kana zagayawa, kauri santimita 8 zuwa 10, kana danna kowane curi kan na ƙasansa ba kan yashin ba. Idan ya ɗan sha iska ya daina manne wa yatsa sai ka yanka ƙofa. Lissafin ƙofar nan ka riƙe shi da kyau, tsayinta ya zama kusan kashi 63 cikin 100 na tsayin cikin ƙundun, wato ga mai santimita 40 ƙofa 25 kenan. In tayi tsawo zafi ya gudu, in tayi gajarta wuta ta kasa numfashi hayaƙi ya turnuƙe. Faɗinta kuma ya ishi fiza shiga. Bayan kwana biyu ko uku ka kwashe yashin da hannu, sannan ka ƙara riga ta biyu a waje, yumɓu da dusar katako ko yankakkiyar ciyawa, ita ma kamar santimita 10. Kayi masa rumfa, ruwan sama ne babban maƙiyinsa.

Yanzu sai haƙuri. Akwai ruwa a jikin ginin, in ka zuga babbar wuta ranar farko tururi zai tsaga shi. Ƙaramar wuta ta ƙirare kullum, kana ɗan ƙarawa har kusan mako guda. Ƴan siraran tsagu zasu fito dole, kar hankalinka ya tashi, ka shafe da yumɓu shikenan.

Ranar gashi ka nemi busasshen itace mai ƙarfi, ban da katako mai fenti ko wanda aka sa wa magani, guba ce zata shiga abinci, ban da fetur ko kananzir wajen kunnawa. Ka hura a tsakiya ka riƙa ƙarawa awa ɗaya zuwa biyu. Da farko cikin zaiyi baƙi ƙirin, idan zafi ya kai sai kaga baƙin ya ƙone saman ya koma fari tas, alamar da kake jira kenan. Ka ture garwashin gefe guda, ka share toka, ka bar icce ɗaya yana ci don harshen wutar ya riƙa lasar sama. Ka watsa ɗan fulawa a ƙasan, in ta zama baƙa nan take ka jira kaɗan.

Fizar ta zama siririya, kar ka cika mata tumatir da cuku, nauyi da laima suke sa ta maƙale. Ka barbaɗa fulawa kan faffaɗan cebur mai dogon hannu, ka girgiza ka tabbatar tana zamewa kafin ka tura. Kar ka matsa ko'ina, bayan daƙiƙa 30 ka juya ɓangaren dake kusa da wuta, ta farko dai yawanci ƙonewa take, ni har yanzu ƙaramar gwaji nake fara sakawa. In kun gama kar ka bar zafin ya tafi a banza, ka kwashe garwashin ka rufe ƙofa, idan ya sauko wajen digiri 230 sai ka saka burodi.