Yadda ake auna cunkoson matakan makamashin nukiliyas daga ɓarɓashin da yake fitarwa

Idan aka harbi nukiliyas, wato cibiyar ƙwayar zarra (atom), da ƙaramin ɓarɓashi, wani lokaci yakan haɗiye shi gaba ɗaya, makamashin ya bazu a cikinsa har ya manta da yadda aka shigo. Wannan shi ne haɗaɗɗen nukiliyas da Niels Bohr ya bayyana a 1936. Daga nan sai ya huce ta hanyar fitar da nutron, furoton ko alfa (nukiliyas ɗin hiliyom), kamar yadda ruwan zafi ke fitar da tururi. Yawan ɓarɓashin da ke fita a kowane makamashi ya dogara ne da yawan matakan makamashin da nukiliyas ɗin da ya rage ke da su a wurin, wato cunkoson matakansa, don haka ƙirga ɓarɓashin na nuna cunkoson. Sai dai wannan lissafi ba ya tsayuwa sai in an tabbatar ta wannan hanya ɓarɓashin ya fito, kuma a nan yawancin aikin yake.

A fara da zaɓen abin hari. A sami falle mai isotof ɗaya, wato nau'in nukiliyas ɗaya tak, kamar manganis-55 ko kobalt-59, mai kauri kusan miligiram 1 a kowace murabba'in santimita. In ya fi haka kauri sosai, alfa zai zubar da makamashi kafin ya fito, kololuwar matakai su cakuɗe. Kabon da oksijin kan taru a fuskar fallen, don haka a harbi fallen kabon shi kaɗai a debe gudummawarsa.

Makamashin harbin ya kasance ƙasa-ƙasa, 'yan MeV (ma'aunin makamashin ɓarɓashi) kaɗan ga kowane nukiliyon, wato furoton ko nutron. Diyutaron, wato furoton ɗaya haɗe da nutron ɗaya, yana da sauƙin samu a matsayin abin harbi, amma MeV 2.22 kacal ke riƙe da shi, yakan tsage tun kafin ya shiga, ya watsa furoton da nutron ta gaba. Shi ya sa ake ajiye na'urorin ganowa a baya, digiri 120 zuwa 160 daga inda harbin ya nufa. Duk da haka a auna kusurwoyin gaba. Haɗaɗɗen nukiliyas yana fitar da ɓarɓashi daidai wa daida gaba da bayan digiri 90, in an auna daga tsakiyar nauyin tsarin. In gaba ta rinjayi baya, musamman a ɓangaren makamashi mai yawa, to akwai wanda ya fice kafin nukiliyas ya daidaita. Gwaji mafi ƙarfi shi ne irin na Ghoshal a 1950: a samar da nukiliyas ɗaya ta ƙofa biyu, a ga ko sakamakon ya zo ɗaya. Misali, diyutaron a kan kobalt-59 da hiliyom-3 a kan ƙarfe-58 duk suna ba da nikel-61.

Ga furoton da alfa, a jera na'urorin ganowa na silikon biyu, siririya a gaba, mai kauri a baya, a daidaita ma'auninsu da alfan amarisiyom-241 mai MeV 5.486. Nutron kuwa da lokacin tafiyarsa ake auna shi. A Jami'ar Ohio a Amurka akwai rami mai tsawon mita 30 don wannan aiki. Nutron mai MeV 1 na cin santimita 1.38 a nanodaƙiƙa (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa), saboda haka a bar isasshiyar tazara tsakanin bugun harbi, in ba haka ba masu saurin bugu na biyu za su cim ma masu nawar na farko.

Sannan lissafi. A yi amfani da tsarin Hauser da Feshbach na 1952 ta manhajar TALYS ko EMPIRE, a fara da hasashen cunkoso, misali na Gilbert da Cameron. A kowane yanki na makamashi, a ninka hasashen da abin da aka auna, a raba da abin da manhaja ta bayar, a maimaita har su dace. Siffa kawai wannan ke bayarwa. Ainihin adadin ana ɗaure shi ne da matakan ƙasa da aka riga aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, kuma a tsaya inda ƙirgen ya fara giɓi, domin wucewa nan zai ja sakamakon duka ƙasa.

A yanke ɓangaren makamashi mafi ƙanƙanta, inda ɓarɓashi na biyu ke fita bayan na farko. Na'ura ba ta bambance su, kuma za su kumbura cunkoson a daidai inda ake tsammanin ya hau.