Yadda ake haɗa tankar yaƙi ta roba wadda ba a taɓa ƙera irinta ba

Duk wanda ya tashi a Jos yana yin motar gwangwani da tayar silifas, ko motar kara, to ya riga ya san rabin wannan aikin. Bambancin kawai yanzu da kwalin tanka na roba ake yi, irin wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa kai ka haɗa da kanka, sai maimakon ka bi takardar da ke cikin kwalin, ka ɗauko bodin wannan ka ɗora masa kan wancan, wato ɗakin igwa mai juyawa, ka ƙara tarkacen da ka tsinto, har ta fito wata tanka da babu sojan ƙasar da ya taɓa hawa irinta. Turawa na ce masa kitbashing, ni dai haɗe-haɗe nake cewa. Abin da nake so duk mai farawa ya riƙe shi ne, tankar ƙirƙira ce amma dole wanda ya kalle ta ya yarda za ta iya tashi ta yi tafiya, in ba haka ba gamin gambiza kawai ka yi.

Kuma kar ka ɗauka wasan yara ne, sojoji na gaske sun sha yin haka da ƙarfe. A yaƙin duniya na biyu Jamusawa sun ɗauki ƙasan tankar Panzer 38(t) ta ƙasar Cek suka ɗora mata igwar Rasha mai milimita 76.2 da suka ƙwace a fagen daga, ta zama Marder III. Masar ta ɗora kan tankar AMX-13 ta Faransa a bodin Sherman ta Amurka, Isra'ila kuma ta sa wa tata Sherman ɗin igwar Faransa mai milimita 105 ta kira ta M51. Kowacce a cikinsu akwai larurar da ta haifar da ita, kuma daga nan ne kai ma za ka fara.

Kafin ka taɓa reza, zauna ka ba motar labari. Ta waye, a ina take aiki, me ya sa aka yi mata kwaskwarima? Tawa ta ƙarshe cewa na yi ta wata runduna ce ta sintiri a Sahel da ba su da kuɗin sabuwa, sai makanikansu suka haɗa tsofaffi biyu suka fitar da ɗaya. Da na tsayar da wannan sai komai ya zo da sauƙi, tunda ƙasar zafi ce da nisan tafiya to tana buƙatar tankin ruwa, ƙarin jarkokin mai, rumfar tamfol, da babban abin tace iska saboda ƙura. Duk abin da labarin bai nema ba, ban sa shi ba ko da ya burge ni. Ka zana ta a takarda ko da zanen bai yi kyau ba, gefe ɗaya da sama ya isa.

Sai maganar sikeli, a nan ne mutane da yawa ke ɓarar da kuɗinsu. Lambar da ke jikin kwali, 1/35 ko 1/48 ko 1/72, ita ke gaya maka sau nawa aka rage girman motar. Ni 1/35 nake ba shawara, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa, don ya fi yawan kaya kuma yatsa na iya riƙe ƙananan abubuwansa. Lissafin ba wuya, mutum mai tsawon mita 1.75 in ka raba da 35 zai dawo santimita 5. Ni bana ɗora mutum-mutumi a kan nawa, sai na yanki tsinken tsire daidai santimita 5 na ajiye a tebur, duk ƙofar da na yi ko tsani ko akwati sai na jingina tsinken na gani, mutum zai iya shiga nan? Zai iya ɗaga wannan? Manyan abubuwa kamar bodi da kai da tayoyi su zama sikeli ɗaya. Ƙananan kuma kana iya yin wayo, igwar tankar 1/72 in ka sa ta a 1/35 sai ta koma ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta, tayarta kuma ta zama murfin tanki.

Kwalayen nan ban cika ganinsu a shagunan garin nan ba, yawanci ta intanet ake odarsu ko a ba wani mai dawowa daga waje saƙo, kuma da canjin dala yadda yake ba araha suke ba. Don haka kar ka sayi mai tsada don ka yanka, nemi tsofaffin samfurin Tamiya ko Academy ko Zvezda ko Trumpeter masu sauƙin kuɗi, in kuma ka samu wanda ya fara haɗawa ya gaji ya ajiye to ka tsinci dami a kala. Kayan aiki kuwa duk suna nan wajen kasuwar Taminus ta Jos, wuƙar yankan takarda da sabbin reza, ƙaramin zarto mai siririn haƙori, abin yanke farce, rular ƙarfe, samfefa mai lamba 400 da 800 da 1000, sufa gulu, hantsakin da mata ke cire gira da shi. Abu ɗaya da sai ka yi oda shi ne gam ɗin roba na ainihi irin Tamiya Extra Thin, wanda ba manna roba yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su haɗe su zama abu ɗaya.

Nan akwai abin da na so a ce an gaya min tun farko. Wannan gam ɗin ba kowace roba yake ci ba, don wadda ake kira folistirin aka yi shi, ita ce ake yin kayan cikin kwalayen da ita. In ka tsinci roba ka juya gindinta, in ka ga lamba 6 cikin alamar nan mai kusurwa uku ko haruffan PS, to 'yar gida ce za ta kama. Gidan faifan CD na da ita ce, haka wasu cokulan roba na tekawe. In ka ga 5 ko PP, irin murafen kwalba da bokiti, rabu da ita, ko sufa gulu da kyar yake riƙe ta kuma fenti ɓarewa yake. Tsohon katin ATM yana da daɗin yanka kuma kaurinsa ya yi daidai da farantin sulke, amma shi sai da sufa gulu, kuma ka goge fuskarsa da samfefa tukuna. Na taɓa kwana biyu ina jera wa wata tanka sulken gefe da katin, da gam ɗin roba, na ɗaga ta kawai sai duk suka zube a tebur, abin ya min ciwo sosai.

Tarkace kuwa ka samu gwangwanin madara ka dinga tarawa. Ni wajen masu gyaran rediyo da waya na Dilimi nake zuwa, in gaishe su in ce ranka ya daɗe ko akwai matattun kaya da za a zubar, sau da yawa ma kyauta suke ba ni. Cikin mataccen rediyo akwai ƙananan abubuwa masu kama da gangar mai, cikin laita akwai sifirin da ƙaramin gare, bututun biro yana zama salansa, siririyar wayar tagulla ta cikin caja tana zama igiyar jan mota in ka murɗa uku wuri ɗaya, ragar sauro kuma ita ce ragar saman injin.

To yanzu aikin kansa. Fara da ƙasa, haɗa bodi da tayoyi da sarƙar da tankar ke tafiya a kai yadda takarda ta ce, kar ka yi wa wannan ɓangaren wayo a aikinka na farko don shi ne ke sa mota ta zauna daram. Saman bodin kar ka manna shi tukuna, riƙe shi da salatif. Sai ka ɗauko kan tankar, wato wannan ɗakin mai juyawa da ke ɗauke da igwa, ka ɗora ka ja da baya ka kalla daga nesa. Ka ɗauki hoto da waya ta gaba da gefe, hoto yana tona abin da ido ya saba da shi. Ni sai na yi kwana biyu ina ɗorawa ina saukewa kafin gam ya taɓa komai.

Zoben da kan ke zama a kai shi ne wurin da za ka fi daɗewa. Tawa bodin T-34-85 ne na Rasha, kan kuma na Sherman. A motocin gaske zoben T-34-85 faɗinsa mita 1.6 ne, na Sherman inci 69 wato kusan mita 1.75, ka ga a 1/35 bambancin ya kai milimita 4, kan ya fi ramin girma. Abin da makanikin gaske zai yi shi na yi, na yanko zobe daga falan roba na manna a saman bodin ya zama kamar wuya, ya ɗan ɗaga kan sama, sannan na yi masa ƙananan ƙafafu masu kusurwa uku a gefe kamar an yi walda don ya ɗauki nauyi. Ka auna naka bodin da kan da rula don ramin da kamfani ya huda ba lallai ya bi na gaske ba. Yankan da'ira kuma kar ka nemi ka gama a bugu ɗaya, ka bi layin da reza a hankali sau goma ko fiye har ya huda, in ka danna da ƙarfi robar tsagewa take ko rezar ta zame ta sami yatsa. Bayan nan ka juya kan ya zagaye gaba ɗaya. Ya bugi ƙofar direba? Bayansa ya rufe ragar injin? In igwar ta yi tsawo har kamar motar za ta kifa ta gaba, ƙara akwati a bayan kan ya zama ma'aunin nauyi, haka Isra'ilawa suka yi wa tasu.

Sannan ka yi wa motar tambayoyin da fasinja zai yi. Ta ina direba ke shiga, ta ina yake gani, ina hayaƙi ke fita, ina iska ke shiga lagireto, in sarƙa ta tsinke ina kayan gyara. Duk abin da ka manna ka yi masa abin da ya riƙe shi, jarka ta samu ɗan keji ko maɗauri, tamfol ya samu igiya, kar ka bar abu yana zaune a jikin sulke kamar ƙuda. Kuma ka bar wasu wuraren fili ba komai, tarkacen ya taru a baya da gefen kai inda sojoji ke ajiye kaya da gaske, gaban kuma ya zauna a share.

Inda roba biyu suka haɗu suka bar rami, foti za ka cika, wato ƙullin toshe rami. Mai haɗi biyu irin Milliput ya fi, ka murza shi siriri kamar taliya ka kwantar a layin, ka dinga danna shi da bakin tsinke ɗaya bayan ɗaya, sai ga layin walda sak. In babu, ɗiga sufa gulu ka barbaɗa bakar soda, nan take yake daskarewa, amma ka goge shi da wuri don in ya kwana ya fi robar tauri. Eriya kuwa, yanko guntun firem ɗin da kayan ke maƙale a jiki, riƙe shi sama da kyandir kana juyawa har ya yi laushi, ka janye daga wutar ka ja hannu biyu a hankali, zai miƙe siriri kamar gashi. Tamfol kuma tishu ne da aka jiƙa da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, ka shimfiɗa ka bar shi ya bushe da lanƙwasarsa.

A wannan lokacin motar za ta yi maka muni, kore nan, toka can, ga fari ga tagulla, kar gabanka ya faɗi. Wanke ta da ruwa da ɗan sabulu ta bushe, sai ka fesa mata fentin share fage ruwan toka, a nan ne za ka ga ta zama abu ɗaya, kuma a nan duk wani kuskure zai fito ka gyara. Fentin gwangwani na mota yana iya cin roba in ka zuba da yawa, ka tsaya nesa kamar santimita 30 ka wuce da sauri, shafi biyu ko uku marasa kauri. A waje za ka yi ba cikin ɗaki ba, warinsa ba na shaƙa ba ne, yara ma su matsa. Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana hana fenti fita da kyau, don haka jira rana ta ɗaga, ka tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, na 'yan mintuna, da ka gama kuma ka kifa mata kwali don ƙurar hunturu ba ta jira.

Launi da burushi ma ya isa, fentin akirilik ka sirka da ruwa ya yi kamar madara, shafi uku. Ni na bar bodin kore na yi kan ruwan yashi mai ɗan bambanci, zoben tsakiya kuma jan fentin hana tsatsa, don duk wanda ya gani ya gane daga motoci biyu aka ciro su. Lamba da tambari naka za ka ƙirƙira, kar ka sa na wata runduna ta gaske. Bayan ya bushe sosai, sirka fentin mai, launin ruwan ƙasa mai duhu, da farin sifirit, wato ruwan sirka fentin mai, ya zama ruwa-ruwa ka ɗiga a lunguna da kewayen noti, ka dangwala guntun soso a fenti mai duhu ka taɓa inda takalmi ke takawa, ka goga fensir a bakin sarƙa ta yi ƙyallin ƙarfe.

Ƙura ce ta ƙarshe kuma ita ba sai ka yi oda ba. Na ɗebo jar ƙasa a gefen wani tsohon ramin kuza wajen Rayfield, na shanya ta, na tankaɗe da tsohuwar safa har ta koma kamar hoda, na ɗiba da busasshen burushi na zuba a tayoyi da ƙasan bodi da bayan salansa, sannan na ɗiga farin gam mai ruwa sosai ta gefe ya tsotsa da kansa ba tare da na shafa ba. In ta bushe takan yi haske fiye da yadda take a jiƙe, don haka sa kaɗan ka bari zuwa gobe, in bai isa ba ka ƙara.