Yadda na gyara inbata mai ɗauke wuta da tsakar dare

Inbata ce, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wutar gida, mai 24V (V ma'aunin ƙarfin wuta ne), da batir tubula biyu, irin waɗanda ake ƙara wa ruwa, masu 200Ah (yawan wutar da kowanne ke iya riƙewa). Tun shigowar zafin Afrilu a Sakkwato take kuka ta ɗauke wuta wajen ƙarfe biyun dare. Na auna kowane batir daban, fanka tana aiki: ɗaya 12.3V, ɗayan 11.2V. Da na buɗe murafen mai raunin, ashe ruwa ya janye har farantan dalma na cikin batirin sun leƙo, zafin ɗakin kwanon da batiran ke ciki ya ƙone shi. Na ƙara tataccen ruwan batir har ya rufe su. Ban da asid, ban da fiyawota, gishirin cikinta kashe faranti yake. Na kankare tsatsar kawunan batiran, inda ake ɗaura waya, na saita caji a 28.8V, na mai da batiran zaure mai iska. Yanzu wuta tana kai asuba.