Yadda ake gina littafin barkwanci na soyayyar ƙarya a fagen siyasa

Irin wannan littafi, inda namiji da mace ke ƙulla yarjejeniyar nuna wa jama'a suna soyayya alhali ba sa yi, kan tsaya ne a kan dalilin ƙaryar. Muddin mai karatu ya ce a ransa "to me ya hana su faɗi gaskiya?" tun a babi na uku, labari ya mutu. Don haka kafin ka ɗora alƙalami, ka ba kowannensu abin da zai yi asara in ya ƙi shiga yarjejeniyar. Ɗan takara yana neman wadda zai nuna wa jama'a don ya kashe ƙazafin da 'yan adawa ke yaɗawa. Ita kuma ƙungiyarta ce ke dab da rufewa, tana neman mai tsaya mata. In shi kaɗai ke cin riba, ta zama 'yar aikinsa, mai karatu kuwa tausayinta zai ji maimakon ya yi dariya.

Siyasa ta riga ta yanke maka wa'adi: ranar zaɓe. Fara labarin saura mako 10 ko 12 a kaɗa ƙuri'a, kowane babi ya rage kwanaki. Su gindaya sharuɗɗa uku ko huɗu a gaban mai karatu, misali ba kiran waya bayan ƙarfe goma, ba tambayar abin da ya wuce, a rabu washegarin sakamako. Kowane sharaɗi ka kafa shi ne don a karya shi, ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka san sirrin kada su wuce biyu, daraktan kamfe da aminiya guda sun isa.

Babi 30 masu kalma 2,000 zuwa 2,500 za su ba ka littafi mai kalma 60,000 zuwa 75,000. A ƙulla yarjejeniya kafin babi na 4, zuciya ta fara cin amanar shiri wajen na 15, asiri ya tonu tsakanin na 22 da na 24.

Dariyar tana fitowa daga tazarar da ke tsakanin abin da suke nunawa a bainar jama'a da abin da suke yi in an kashe kyamara. Ga su a hirar talabijin, an tambaye su inda suka fara haɗuwa. A tare suka amsa, shi ya ce ɗakin karatu, ita ta ce filin jirgi. Ta yi murmushi, ta take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta ce, "Ɗakin karatun filin jirgi." A tsakiyar littafi ka juya irin wannan fitowar: a yi mata tambayar da ba ta cikin takardar da suka haddace, ta amsa daidai, cewa in ya tsorata kunnensa yake murzawa. Shi da mai karatu duk sun gane ta daɗe tana lura da shi, ba sai ka faɗa ba.

Inda marubuta suka fi tuntuɓe shi ne wajen siyasar. Wasu kan bar ta fanko, ɗan takara ba manufa ba abokin hamayya; wasu kan mai da babi lacca. Zaɓi batu ɗaya da su biyun suka saɓa a kansa da gaske, kamar rushe wata unguwa don gina titi, ka bar shi ya riƙa haddasa musu faɗa. Jam'iyya da 'yan takara ka ƙirƙiro naka, domin na gaske suna raba maka masu karatu gida biyu, suna kuma iya jawo ƙarar ɓata suna.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kada rabuwarsu ta zama rashin fahimtar da kiran waya ɗaya zai warware. A sa shi ya zaɓa: ya ɗora mata laifin ya tsira da takararsa, ko ya amsa a gaban 'yan jarida ƙuri'u su zube. Ya amsa kafin a buɗe rumfunan zaɓe, lokacin da gaskiyar ke da tsada. Masu karatun soyayya suna jiran su ga an daidaita a ƙarshe. Kujerar kuwa, ko ya ci ko ya faɗi, labarin zai ɗauka.