Ruwa ke kashe kaktus a Marwa, ba ƙishi ba

Na gaji da yadda ake kawo mini tukunya, kaktus, tsiron nan mai ƙaya da ke ajiye ruwa a jikinsa, ya yi laushi kamar dafaffen kabewa, ana tambaya ko ƙishi ne. Ba ƙishi ba ne. Ruwa ne ya yi yawa, ƙasar kuma ta ƙi sakin sa.

Haka na rasa furena na kariya, wadda ita ma kamar kaktus ba ta son ruwa da yawa, bayan na yi shekara 6 ina renonta. Na sake mata tukunya, na cika da baƙar ƙasar karal, a tunanina ƙasar da ke ba da dawar muskuwari ba za ta gaza fure ba. Alhali karal laka ce mai riƙe ruwan damina har cikin rani, shi ya sa ma ake dasa muskuwari a cikinta bayan ruwa ya ɗauke. Ruwan Agusta ya sauka kwana uku a jere, gindin nan mai kauri ya ruɓe ta ƙasa, ban ankara ba sai ranar da na taɓa, yatsana ya nutse. Har yau in na tuna raina na ɓaci. Tun daga nan nake haɗa kashi biyu na yashi mai tsakuwa daga kogin Mayo Kaliao na nan Marwa, kashi ɗaya na ƙasar lambu, da ɗan dakakken gawayi, a tukunyar ƙasa mai huda a gindi. Kafin in ba da ruwa sai na soka tsinken tsintsiya har ƙasa. In ya fito da danshi, babu ruwa ranar. A Agusta kuwa duk tukwanena suna ƙarƙashin rumfa.

Kuma don Allah ku daina ba yara buta ku ce su shayar da furanni safe da yamma! Kaktus ba alayyafo ba ne. Moɗa ma, mai dogon ganyen nan da ake ajiyewa a falo, tana yin sati biyu babu ruwa lafiya ƙalau.

Sai rana. Don an ce tsiron jeji ne, sai mutum ya ɗauko wanda ya girma a inuwa ya dire shi tsakar gida a Afrilu, zafi ya haura digiri 40, a cikin baƙar roba mai dafa saiwa. Tabon ƙunar ba ya gogewa. Ni gindin dogon yaro nake kai sabon tsiro, ya sha ranar safe kawai tsawon sati biyu, sannan in riƙa matso da shi kaɗan-kaɗan.

Reshen da aka yanka, a bar shi inuwa bakin ya bushe kwana biyar kafin dasawa. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori nake sa masa. Ƙurar hunturu a goge ta daga faɗin ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙerana da tinya kuma ba kaktus ba ne, asalin kaktus nahiyar Amurka ce, kuma farin ruwansu na ƙona ido, kada a ajiye su inda yara ke wasa.