Mota mai caji da fetur: yadda za ka tattala batir ba tare da ka rage hasken dare ba

Irin wannan mota batir biyu gare ta. Babban shi ne mai tura ƙafafu, yawanci yana ɗaukar ta kilomita 40 zuwa 80 kafin injin fetur ya karɓa. Ƙaramin mai bolt 12 ne, shi ke riƙe da fitilu da waifa da kwamfutar mota, kuma daga babban yake samun caji muddin alamar READY da ke dashbod tana kunne. Idan ka faka ka bar fitila ba tare da wannan alamar ba, ƙaramin zai mutu, motar ta ƙi tashi ko da babban a cike yake.

Kada ka yi wa fitila rowar wuta. Kwan halojin biyu na fitilun gaba wat 110 suke ci, na LED kuwa ba su kai haka ba. Tafiyar awa uku da su a kunne ba za ta ci maka fiye da wutar kilomita biyu ba. Masu shan batir da gaske su ne gudu da hita. Hita kaɗai tana iya jan kilowat 3 zuwa 5, wato wat 3,000 zuwa 5,000, gudu kuma da zarar ya haura kilomita 100 a awa iska ce ke cinye cajin. Saboda haka ka ɗumama ko ka sanyaya cikin motar tun tana jone da caja. A cikin gari sa ta a EV, wato tafiya da batir kaɗai. Da ka hau babban titi danna SAVE ko HOLD, inji ya yi aikin, cajin ya jira ka har cunkoson da ke gaba. Maɓallin CHARGE kuwa fetur yake ƙonawa ya cika batir, asararsa ta fi ribarsa. Riƙa sakin totur tun daga nesa don motar ta mayar da wuta cikin batir kafin ka taka burki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kashe na'urar sanyi da dare don tattali. Ita ce ke busar da iskar ciki. Ka kashe ta, numfashin mutane ya kwanta a gilashin gaba, fitilar mai tahowa ta watsu a idonka. Kunna ta, ka juya iskar zuwa gilashi, ka buɗe wa iskar waje hanya. Goge gilashin ta ciki ma, don can maiƙo ke taruwa.

Dashbod yana haske ko da rana, fitilun rana na gaba ma haka, sai direba ya ɗauka ya kunna komai alhali a motoci da yawa bayansa duhu ne. Bar makunnin a AUTO, ka tabbatar koriyar alamar fitila ta fito, sannan ka rage hasken allon.

Don gwada saitin fitila, tsaya mita 10 daga bango a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa. Iyakar hasken gajeriyar fitila a bangon ya kamata ta sauka kamar santimita 10 ƙasa da wannan awon. Kada ka cusa kwan LED a gidan halojin: hasken zai fantsama sama ya kashe wa na gaba ido, kai kuma titin bai ƙara fitowa ba.

A EV motar shiru take tafiya, ƙarar gargaɗinta kuma a ƙaramin gudu kawai take aiki. A lungu mai duhu rage gudu, don mai tafiya a ƙasa da fitilarka kaɗai zai san ka iso.