Kurakuran wayarin da ake yi wajen rufe silin ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Amurka

Ɗan uwanmu da ya sayi gida a jihohin sanyi na Amurka, irin su Ohayo ko Minasota, ba ya daɗewa sai idonsa ya koma kan ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ga fili, ga yara sun yi yawa, sai a ce bari a buga silin a mayar da shi falo. Aikina wayarin ne, kuma yawancin kiran da nake samu kan irin wannan ɗaki bayan an riga an rufe ne, lokacin da gyara ya zama sai an fasa.

Dokar wayarin ta ƙasar ita ce NEC (National Electrical Code), wadda ƙungiyar kare gobara ta NFPA ke sabuntawa duk shekara uku. Kowace jiha ko birni na da bugun da ta ɗauka, wani wurin na 2020, wani na 2023, har da ƙarin nasu. A Cikago, alal misali, a bututun ƙarfe ake zura wayar gida. Don haka ka fara zuwa ofishin ba da izinin gini na garinku kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya.

Abin da na fi tararwa shi ne kebul ɗin nan mai rigar roba, wanda kowa ke kira Romex, an bi ƙasan katakan da suka ɗauki daɓen sama an kafe shi a gicciye. Ko ɗakin ba a rufe yake ba, sashe na 334.15 na NEC bai yarda da wannan ba sai ga kebul mai kauri, mai waya biyu lamba 6 ko uku lamba 8, ko wanda ya fi su kauri (ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri). Farin nan lamba 14 da rawayan lamba 12, waɗanda ke kai wuta fitilu da soket, dole su bi ta cikin huda a jikin katakon ko a kan wani allo da aka shimfiɗa musu. To, ka ɗora allon jifsom, wato allon rufe silin, a kan kebul ɗin da ke ƙasan katako, ka matse shi ke nan, kuma sukurun da kake ɗaurawa ba shi da ido. Maganin shi ne a kashe wuta daga babban akwati, a kwance kebul ɗin, a huda katakan, a sake zura shi.

Wurin hudar ma akwai magana. Dokar lantarki ta ce tsakanin bakin rami da gefen katako kada ya gaza inci 1¼, wato milimita 32. Dalilin a fili yake: sukurun jifsom mai tsawon inci 1¼, idan ya ratsa allo mai kaurin rabin inci, saura kashi uku cikin huɗu na inci ya shige katako. Inda ba a samu wannan tazara ba, sai a buga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.6 a wurin. Amma dokar gini ta fi tsanani, tana son inci 2 daga sama da ƙasa, kuma faɗin ramin kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin katakon. Ni dai tsakiya nake hudawa, hankalina kwance. Masu sare ƙasan katako su cusa waya kuwa, ƙarfin benen gidansu suke ragewa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne binne akwatin haɗi, wato akwatin da ake haɗa wayoyi a cikinsa. Na taɓa zuwa wani gida, fitilun ƙasa suna ƙyaftawa, ga ɗan warin roba da ba a san daga ina yake ba. Sai da na yanka silin wuri huɗu kafin na same shi: akwati ba murfi, hular da ta ɗaure wayoyin ta narke ta yi baƙi, katakon da ke kusa ya fara dafewa. Maigidan ya riƙe baki yana kallo, ɗakin 'ya'yansa ne a saman wurin. Sashe na 314.29 ya ce kowane akwati sai an iya kai masa ba tare da an fasa wani ɓangare na gini ba. Ko dai ka sauko da shi bakinsa ya yi daidai da fuskar silin ka sa masa murfi, ko ka mayar da shi mazaunin fitila, ko ka sake jan sabon kebul ba yanki. Haɗa waya da salatif a bar ta haka a sarari kuwa ba ta halatta ko'ina.

Silin rataye mai falle-falle ya warware wannan matsala, tunda ɗaga falle ɗaya ya isa a ga akwati. Sai dai mutane kan bar kebul ya kwanta a kan fallayen. A kafe shi a jikin katako duk ƙafa 4½, da kuma cikin inci 12 daga kowane akwati. Wayar jona mai laushi da ake sokawa a soket ba ta da gurbi a saman silin ko kaɗan.

Tun bugun 2020, soket ɗin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a gyare yake ko ba a gyare ba, sai da kariyar GFCI, na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa, saboda danshi.

Sifeton ofishin izinin gini yana son ganin aikin tun wayoyi na waje, kafin a ɗaga allo ko ɗaya. Wanda ya rufe bai kira shi ba, yana iya sa shi ya buɗe. Ranar da ya duba ya sa hannu, ka zagaya da wayar salularka ka ɗauki hoton kowane layi, ka ajiye hotunan tare da takardun gidan.